Rumbunan Giyar Turawa: Wa Ke Ajiya, Wa Ke Buɗewa?

Na san da ganin kan wannan rubutu wasu za su riƙe baki su ce, to fa, yau kuma marubuciyar soyayya ta koma tallar giya? Allah ya tsari gatari da noma. Giya haramun ce, kaɗanta da mai yawanta, sabuwarta da tsohuwarta, kuma ni ko sansana ta ban taɓa yi ba. Rubutun littafi ne ya jefa ni cikin wannan bincike, da na shiga kuma sai na tarar tarihi ne jibge, na yaƙi da mulki da damfara, har na ga bai kamata in ci ni kaɗai ba.

A littafin da nake kan rubutawa akwai wani tsohon ɗan siyasa da ya wawuri dukiyar jama'a ya sayi gida a Landan, ya watsar da tarbiyyar gidansu. Ina so in nuna iyakar lalacewarsa da taƙamarsa, sai na rubuta cewa ya buɗe firij ya ɗauko wa baƙonsa kwalbar giya mai shekara ɗari, ta yi sanyi ƙarara. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke fara duba min duk abin da na rubuta kafin ya je wurin mai buga shi. Yana zuwa wannan shafi sai ya tuntsire da dariya har da cire tabarau. Ya ce, "Uwata, wa ya gaya miki a firij ake ajiye irin wannan? Ai kin mai da attajirin naki ɗan ƙauye." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, kai kuma a ina ka san wannan?" Ya ce in zauna. Kawu yana cikin ɗaliban da suka samu tallafin karatu zuwa Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1980, ya karanta injiniyan lantarki a ƙasar Yukren, kuma a wani hutu an kwashe su yawon buɗe ido zuwa Yalta, inda ya shiga ɗaya daga cikin rumbunan da zan ba ku labari. Ya ce gani kawai ya yi bai sha ba. Ni dai ban tsananta bincike ba, babba ne.

Abin da ya fara fahimtar da ni shi ne, ba kowace giyar inabi ce ke jure tsufa ba. Mafi yawanta in ta wuce 'yan shekaru lalacewa take yi ta koma ruwan tsami. Wadda ke daɗewa ita ce mai yawan zaƙi, ko mai tsami sosai, ko mai bauri, irin baurin nan da ke kama baki in mutum ya ci ɗanyar ayaba, ko kuwa wadda aka ƙara wa barasa mai ƙarfi. Ita ma sai an raba ta da abubuwa uku: iska da zafi da haske. Shi ya sa ake haƙa mata rami a ƙarƙashin ƙasa ko a cikin dutse, inda sanyin wurin ke tsayawa tsakanin digiri 10 da 14 rani da damina, ga duhu, ga danshi. A kwance ake jera kwalaben, domin ruwan ya riƙa taɓa matoshin da aka yanko daga ɓawon wata bishiya ta ƙasashen Fotugal da Sifen, in ba haka ba matoshin ya bushe ya tsuke, iska ta shiga, shi ke nan an yi asara. Wannan dabara ma ba ta daɗe can ba. Sai wajen shekarun 1630 Ingilishi suka iya narka kwalba mai kauri da wutar kwal, kuma sai a ƙarni na 18 kwalba ta samu siffar da za a iya kwantar da ita. Kafin nan, a Turai ta tsakiyar zamani, sabuwar giya ta fi tsohuwa tsada, don tsohuwar ta riga ta fara tsami a cikin ganga. Mu da muka ce da tsohuwar zuma ake magani mun riga su girmama tsufa.

Na dā can kuma sun yi tasu ajiyar a tuluna. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, an samu tulunan giya 26, da yawansu da rubutu a jiki: shekarar sarautar da aka matse inabin, da gonar da ya fito, da sunan shugaban masu matsar. Ruwan ya daɗe da ƙafewa, rubutun ne ya rage. A garin Speyer na Jamus kuwa, a 1867, an tono wata kwalba a kabarin wasu Rumawa, wadda aka binne tun wajen shekara ta 325 zuwa 350 miladiyya, an tsiyaya mata man zaitun a sama an liƙe bakin da kakin zuma. Tana gidan tarihin garin ba a buɗe ta ba, kuma duk wanda ya ga hotonta ba zai yi sha'awar a buɗe ba, kamar ruwan kwata da kitse ya daskare a kai.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta garin Strasbourg, a gabashin Faransa kan iyaka da Jamus. A ƙarƙashin tsohon asibitin garin akwai rumbu da aka gina tun 1395. Za ku ce me ya haɗa asibiti da giya? A wancan zamani majinyacin da ba shi da kuɗi yakan biya da abin da ya noma, wani ma ya bar wa asibitin gonar inabi a wasiyya, sai asibitin ya wayi gari yana da ganguna fal. A cikinsu akwai ganga ɗaya da aka zuba wa giyar shekarar 1472, ana tsare da ita a bayan ƙarafa. A duk tsawon wannan lokaci sau uku kacal tarihin garin ya rubuta an ɗebo ta an ba wani.

Na farko a 1576 ne. Mutanen garin Zurik na ƙasar Suwizalan suna da ƙawance da Strasbourg, sai suka so su nuna wa ƙawayensu cewa in abokan gaba suka kawo hari, za su iya kawo ɗauki cikin hanzari. Sai suka dama kunun gero mai kauri a wata ƙatuwar tukunya, suka ɗora a kwalekwale, suka yi ta tuƙi a kogi, suka iso cikin kwana guda kunun bai huce ba. Na daɗe ina dariyar wannan, ashe Turawan ma sun sha kunun gero kafin su waye da dankali. Aka karrama su da ɗanɗanon giyar, lokacin tana da shekara 104. Na biyu a 1718 ne, ranar da aka sa harsashin sake gina asibitin bayan gobara ta cinye shi. Na uku kuma a watan Nuwamba na 1944, aka ba Janar Leclerc, wanda rundunarsa ta ƙwato garin daga hannun sojojin Hitila.

To a nan ne labarin ya zo kusa da gida. Wannan Leclerc ɗin ba daga Faris ya taso ba. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, gwamnan Chadi, Félix Éboué, wanda shi kansa baƙar fata ne, yana cikin waɗanda suka fara miƙa wuya ga Janar de Gaulle da masu cewa ba a gama yaƙi ba. Daga Fort-Lamy, wato Injamena ta yanzu, Leclerc ya ja 'yan ɗaruruwan sojoji, mafi yawansu baƙaƙe 'yan Chadi da maƙwabtanta, suka keta Sahara suka ƙwace Kufra a kudancin Libiya daga hannun Italiyawa a farkon watan Maris na 1941. A can ya sa su rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta sake tashi a kan babban cocin Strasbourg, garin da yawancinsu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Amma a 1943, da aka zo shirya rundunar tankokin da za ta haye Turai, aka tsame baƙaƙen aka bar su a baya, domin Amurkawa ne ke ba da kayan yaƙin, sojin Amurka na lokacin kuwa ba ya cakuɗa fari da baƙi a runduna ɗaya. Ranar 23 ga Nuwamba 1944 aka shiga Strasbourg, tuta ta tashi, aka miƙa wa Janar kofinsa. Waɗanda suka sha ƙishirwar hamada suka yi rantsuwar ba sa wurin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wai ina yi musu kwaɗayin abin da ke cikin kofin ba ne, da yawansu ma Musulmi ne, tsayuwar wurin nake nufi.

Wani abu kuma, giya a ganga tana tsotsewa a hankali, don haka masu kula da ita kan ɗan ƙara mata wata don cike gurbi, kuma an sauya mata ganga a 1718, an sake sauyawa a 2015 da tsohuwar ta fara yoyo. Na tambayi Kawu, to yanzu nawa ne na 1472 a ciki? Ya ce kamar zanen gado ne da aka yi ta yi wa faci, sunan dai na kaka ne.

Sai rumbun da Kawu ya shiga da ƙafarsa, wato Massandra, a bayan garin Yalta, a yankin Kirimiya da ke bakin Baƙin Teku. Sarakunan Rasha a nan suke hutun bazara, a fadarsu ta Livadia, sai aka ga ya kamata a samar wa fadar giyarta ta kanta. Tsakanin 1894 da 1897 aka fasa dutse aka haƙa ramuka bakwai, kowanne tsawon mita 150, sun bazu daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu. Wanda ya jagoranci aikin wani basarake ne, Yarima Lev Golitsin, mutumin da son inabi ya cinye masa dukiya kaf. Ya yi ta yawo Turai yana sayo tsofaffin kwalabe, ya yi ta shuka gonaki, har bashi ya yi masa katutu ya miƙa wa Sarki Nikolas na Biyu wani ɓangare na gonarsa ta Novy Svet kyauta a 1912, ya mutu a 1915. Bayan shekara biyu aka yi juyin juya hali, a 1918 aka harbe sarkin da matarsa da 'ya'yansa biyar a wani ɗakin ƙasa. Giyar da aka tanadar masa ta koma hannun 'yan gurguzun da suka kashe shi, su kuma maimakon su fasa, sai suka ci gaba da tarawa, har kwalaben ajiyar suka kai wajen miliyan ɗaya. Mafi tsufa a ciki wata giya ce ta garin Heres na ƙasar Sifen, ta shekarar 1775.

A 1941 sojojin Jamus suka doso Kirimiya. Ma'aikatan Massandra suka kwana suna naɗe kwalabe ɗaya bayan ɗaya, suka loda dubbai a jirgin ruwa ana ruwan bama-bamai, aka tsallaka da su aka ɓoye a wurare masu nisa, har da Tibilisi ta ƙasar Jojiya. Wadda ke cikin manyan ganguna ba ta ɗaukuwa, sai aka buɗe famfo aka tsiyayar da ita cikin teku don kada abokan gaba su samu, har mutanen Yalta suka riƙa ba da labarin ranar da bakin teku ya yi ja. Bayan an kori Jamusawa a 1944 aka dawo da kwalaben mazauninsu. A Livadia ɗin nan ne kuma Stalin da Roosevelt da Churchill suka zauna a watan Fabrairu na 1945 suka yi rabon duniya.

Abin da Hitila bai samu yi ba, saura kaɗan na gida ya yi. A watan Mayu na 1985 Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da shaye-shaye. Kawu yana can lokacin. Ya ce aka rage shagunan giya, aka hana sayarwa sai daga ƙarfe 2 na rana, aka shiga tumɓuke gonakin inabi a Kirimiya da Moldoba da sauran wurare. Ni da jin haka na ce ai Gorbachev ya yi jihadi. Kuma gaskiya a waɗannan shekaru mace-macen maza ya ragu a ƙasar, wannan ba a musunsa. Amma Kawu ya ce in saurara. Mutane suka koma dafa tasu a ɗaki da sukari, har sukari ya ɓace a kasuwa, shi da bai sha ba sai da ya yi layin sukarin shayi a cikin ƙanƙara. Masu tumɓukewar kuma ba su bambance inabin ci da na matsa ba, kowane shugaban gunduma so yake ya aika rahoto sama cewa ya share kadada kaza. Akwai wani farfesa a Yalta, Pavel Golodriga, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen samar da sababbin irin inabi masu jure cuta, ya yi ta roƙo a bar gonakin ba a saurare shi ba, a watan Disamba na 1986 ya kashe kansa. Rumbun Massandra dai ya tsira. Bayan 'yan shekaru ma gwamnatin ta matsu da kuɗin waje, a 1990 aka kai kwalabe 13,000 gwanjo a kamfanin Sotheby's na Landan. A 2001 kwalba ɗaya ta 1775 ɗin nan ta tashi a dala 43,500.

Labarin bai ƙare ba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Massandra ta zama dukiyar Yukren. A 2014 Rasha ta ƙwace Kirimiya, rumbun ya sake sauya ubangida. A watan Satumba na 2015 Vladimir Putin ya kai abokinsa Silvio Berlusconi, tsohon firaministan Italiya, ziyara wurin, shugabar kamfanin, Yanina Pavlenko, ta buɗe musu kwalba ɗaya ta 1775. Nan take masu gabatar da ƙara na Yukren suka buɗe mata fayil na ɓarnatar da dukiyar ƙasa, suka yi wa kwalbar kuɗi wajen dala 90,000, Berlusconi kuma aka hana shi shiga Yukren shekara uku saboda ya taka Kirimiya ba da izininsu ba. A watan Disamba na 2020 hukumomin da Rasha ta naɗa suka sayar da kamfanin gaba ɗaya kan kuɗin Rasha rubul biliyan 5.3, ga wani kamfani mai alaƙa da bankin Rossiya. Ku duba fa: Golitsin ya tara ya mutu da bashi, sarki bai more ba, ma'aikata sun yi kasada da ransu a 1941, masu buɗewa kuma suka zo da jirgi bayan shekara 74 suka tsaya 'yan mintoci.

Na Moldoba zan wuce su da sauri, don girma kawai suka fi. Ramukan da aka haƙo farin dutsen gina birnin Kishinau ne aka mayar rumbuna. Na Mileştii Mici ya kai kilomita 200, ana amfani da 55, da mota ake yawo a ciki, tituna har da sunaye, kuma a 2005 littafin Guinness ya rubuta shi a matsayin mafi yawan kwalaben ajiya, miliyan ɗaya da rabi. A can ma ana nuna wa baƙi wata ƙofar sirri inda ma'aikata suka ɓoye kwalabe a zamanin Gorbachev. Na Cricova kilomita 120 ne, Yuri Gagarin ya ziyarce shi a 1966, kuma a ciki akwai kwalaben da sojojin Sobiyet suka kwaso daga ajiyar Hermann Göring, na hannun daman Hitila, wanda shi ma yawanci kwasowa ya yi daga ƙasashen da suka mamaye. Ɓarawo ya saci na ɓarawo.

Faransawa kuwa da suka ga Jamusawa tafe a 1940, magina suka nema. A gidan abinci na La Tour d'Argent da ke Faris, ɗan mai gidan, Claude Terrail, ya sa aka toshe wani lungu na rumbun da bulo, aka ɓoye zaɓaɓɓun kwalabe wajen 20,000 a baya. Da jami'an Jamus suka zo suka tambayi tsofaffin, aka ce sun ƙare, sai suka kwashe na fili. A garin Beaune na yankin Burgundi wani ɗan kasuwa, Maurice Drouhin, ya yi irin wannan, amma sabon bango ai da gani an san sabo ne. Sai aka sa yaran gidan, har da Robert mai shekara bakwai zuwa takwas, suka bi lunguna suna kamo gizo-gizo suna sakawa a jikin bangon don ya yi yana ya tsufa. Wallahi da ni na ƙirƙiro wannan a littafi, da an ce na cika ƙarya. Shi wannan yaron mai kamun gizo-gizo, da ya tsufa, daga rumbunsa aka fito da kwalbar Romanée-Conti ta 1945 aka kai gwanjo a Niyok a watan Oktoba na 2018, aka saye ta dala 558,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa kwalbar giyar inabi ɗaya a gwanjo ba kafin ranar. Dalilin tsadar shi ne gonar ba ta kai kadada biyu ba, kwalba 600 kawai aka samu a shekarar, daga nan aka tumɓuke tsofaffin itatuwan saboda wani ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka ya addabi Turai tun shekarun 1860, gonar ba ta sake ba da giya ba sai 1952. Shi kuma rumbun La Tour d'Argent da ya gagari Jamusawa, a watan Janairu na 2024 masu shi suka kai ƙara wurin 'yan sanda cewa sun ƙirga sun ga babu kwalabe 83, na kimanin yuro miliyan ɗaya da rabi, kuma ba a fasa ƙofa ba.

Inda irin wannan kuɗi yake kuwa, ba a rasa 'yan damfara. Ranar 5 ga Disamba 1985, a kamfanin gwanjo na Christie's a Landan, aka fito da wata kwalba an zana mata 1787 da Lafitte da haruffan Th.J. a jiki. Wanda ya kawo ta wani Bajamushe ne, Hardy Rodenstock, tsohon manajan mawaƙa, ya ce an same ta da 'yan'uwanta a wani rumbu da aka toshe da bulo a Faris, kuma na Thomas Jefferson ne, shugaban Amurka na uku, wanda ya yi jakadanci a Faransa. Wane gida ne, a wane titi? Ya ƙi faɗa har ya mutu. Christopher Forbes, ɗan mai mujallar Forbes, ya saye ta fam 105,000. Suka kai ta gida suka tsayar da ita a ƙarƙashin fitila don mutane su gani, zafi ya busar da matoshin ya faɗa ciki. Wani attajiri kuma, Bill Koch, ya sayi huɗu a 1988 kan kusan dala 500,000. Sai a 2005, da wani gidan tarihi na Boston zai baje kolin kayansa ya nemi takardun asali, aka tuntuɓi masu kula da gidan Jefferson, mutumin da ko 'yan kuɗin cefane rubutawa yake, suka ce ba su ga shaidar cewa kwalaben nasa ne ba. Koch ya ɗauki tsohon jami'in hukumar FBI, masana suka duba zanen, suka ce da injin lantarki aka yi shi, irin na likitan haƙori. A 1787! Ya kai ƙara a 2006, Rodenstock ya musanta amma ya ƙi zuwa kotun Amurka, aka yanke hukunci a bayan idonsa, ya mutu a 2018.

Wanda ya fi shi ɓarna wani saurayi ne ɗan Indunusiya mazaunin Kalifoniya, Rudy Kurniawan. A 2006 kaɗai ya sayar da giya ta kimanin dala miliyan 35 a gwanjo biyu. Yana shirya wa attajirai liyafa, ya buɗe musu na gaskiya, ya sa a mayar masa da kwalaben da aka shanye, ya koma ɗakin girkinsa ya cika su da haɗin masu araha ya liƙa takarda. Abin da ya fara tona shi, a 2008 ya kawo wata giya mai suna Clos Saint-Denis ta gidan Ponsot, da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya hau jirgi daga Faransa ya zo ya zauna a zauren gwanjon, domin gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. Ramin ƙarya ƙurarre ne. An kama shi a watan Maris na 2012, aka tarar da gidansa cike da takardun liƙawa da matosai da hatimai, aka ɗaure shi shekara goma a 2014, aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu a 2021.

Na zauna na yi ta tunanin me ya sa masu wayon tara biliyoyi suke faɗawa irin wannan rami. Mu marubuta mun san zafin jabu, na taɓa tsintar littafina a kasuwa an buga shi da takarda mai shara-shara ba da sanina ba, amma mai karatu ko banza yana buɗewa ya gane. Nan kuwa babu mai rai da ya san ɗanɗanon giyar 1787 balle ya ce ba ita ba ce. Yawancin masu saye ma ba buɗewa suke ba, nunawa suke. In an buɗe an ji ba daɗi, a ce tsufa ne. In kuma mutum ya gano an cuce shi, kunya ta hana shi magana, ko ya lallaɓa ya mayar da ita gwanjo wani ya saya. Shi ya sa har yanzu masu wannan harka ke fargabar kwalaben Kurniawan da ba a kama ba.

Don haka na yage babin nan na sake shi. Yanzu ɗan siyasar nawa yana jan baƙonsa su sauka matakala zuwa ɗakin ƙasa, yana nuna masa kwalabe a kwance cikin ƙura yana faɗin kuɗin kowacce, kuɗin da aka ware wa asibitin garinsu. Ya tsaya a gaban wata ya ce ita ce sarauniyar ɗakin, ba zai buɗe ta ba sai ranar da aka rantsar da ɗansa gwamna. Mai karatu ne kawai da yaron gidan za su san cewa jabu ce, a babi na gaba za ku ji yadda yaron ya sani. Kawu ya karanta shekaranjiya, gyara biyu ya yi min. Ya ce in kashe ƙatuwar fitilar da na rataya a tsakiyar ɗakin, sannan in sa wa baƙon rigar sanyi, don shi da ya shiga Massandra da 'yar shara sai da ya kwana uku yana mura.